WAYAR HANNU A KARKARA: ABIN DA DOKA TA CE DA ABIN DA JAMA'A ZA SU IYA YI



Maƙasudin wannan jawabi shi ne a bayyana wa jama'a yadda mutanen ƙauyen da ba ya samun sabis na wayar hannu za su iya taimakon kansu, da irin na'urorin da ake amfani da su a wasu ƙasashe domin wannan aiki, da kuma iyakar da dokar ƙasa ta gindaya. Mutanen Akurba sun riga sun ga misalin wannan al'amari da idanunsu ta fannin wutar lantarki. Babbar wayar wuta mai ƙarfin kilobolt 330, wadda ta haɗa Jos da Makurɗi, ta daɗe tana ratsa ƙasar Lafiya, amma wutar da take ɗauke da ita ta fi ƙarfin gidaje da shaguna, sai da aka gina tashar rage ƙarfin wuta a nan Akurba, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a watan Fabrairu na 2022. Haka sha'anin waya yake a ƙauyuka da yawa. Hanyar sadarwa tana wucewa kusa da su, amma babu ƙaramar tashar da za ta sauko da ita inda mutane suke zaune.

TARIHIN WAYA A TAƘAICE

Sa'ad da Nijeriya ta sami mulkin kai a 1960, layukan wayar tarho da suke cikin ƙasar nan duka ba su kai 20,000 ba, kuma yawancinsu a ofisoshin gwamnati da na manyan kamfanoni suke. Dattawa za su tuna zamanin da in mutum yana da saƙon gaggawa sai ya tafi gidan waya ya buga talgiram. A 1985 aka kafa kamfanin NITEL, amma har zuwa shekarar 2000 layukan da suke aiki ba su wuce kimanin 400,000 ba, alhali kuwa mutanen ƙasar sun haura miliyan 100.

Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, wadda aka fi sani da NCC, a 1992. A watan Janairu na 2001 Hukumar ta yi gwanjon lasin wayar hannu, kowane kamfani da ya yi nasara ya biya dalar Amurka miliyan 285. A watan Agusta na wannan shekara MTN da Econet suka fara aiki, Globacom ya biyo baya a 2003, sa'an nan Etisalat a 2008. A ƙarshen 2020 layukan da suke aiki sun haura miliyan 200.

Duk da wannan ci gaba, akwai jama'ar da aka bari a baya. Binciken da aka yi a 2013 ya gano yankuna 207 da ba su da sabis ko kuwa sabis ɗinsu bai taka kara ya karya ba, mutanen da suke zaune a cikinsu kuwa sun kai kimanin miliyan 37. Hukumar ta sanar cewa zuwa 2022 yankunan sun ragu zuwa 97, masu mutane kimanin miliyan 27. Waɗannan su ne mutanen da sai sun hau tudu ko bishiya, ko sun yi tafiyar sa'a guda a kan babur, kafin su iya kiran ɗan'uwa ko malamin asibiti.

DALILIN DA YA SA AKA BAR ƘAUYUKA A BAYA

Kamfanin waya ɗan kasuwa ne, ɗan kasuwa kuwa yakan yi lissafi kafin ya zuba jari. Kafa hasumiyar waya, wadda jama'a suke kira ƙarfen sabis, yana cin kuɗi mai yawa. Bayan an kafa ta, akwai man injin ba da wuta dare da rana, da albashin mai gadi, da kuɗin gyara, da kuɗin haɗa ta da sauran hasumiyoyi. In ƙauye yana da mutane ƙalilan, kuma abin da kowa yake iya kashewa wajen sayen kati kaɗan ne, sai kamfani ya ga kuɗinsa ba za su dawo ba.

Hasarar da wannan yake jawowa ba ƙarama ba ce. Manomin doya ko riɗi ko shinkafa da yake can ƙasar Doma ko Awe, in bai san farashin kasuwar Lafiya ba, tilas ya sayar yadda dillali ya ce. Mace mai naƙuda takan jira mota har lokaci ya ƙure. In rikici ya tashi tsakanin manoma da makiyaya, labari yakan isa wurin hukuma bayan ɓarna ta riga ta auku. Ɗalibi yana bukatar intanet domin rajistar jarrabawa, ɗan kasuwa yana bukatar waya domin aikawa da kuɗi ta banki. Saboda haka ne Dokar Sadarwa ta 2003 ta tanadi Asusun Kai Sadarwa ga Kowa, watau USPF, wanda ake zuba masa wani kaso na kuɗin da kamfanoni suke biyan Hukuma kowace shekara, domin a tallafa wajen kai waya inda riba ba ta kai ba.

BUƊAƊƊIYAR MANHAJA

A dā, na'urorin da suke tafiyar da hanyar waya manyan kamfanoni kaɗan ne a duniya suke ƙera su, kuma su kaɗai suka san sirrin abin da yake ciki. Yanzu yawancin aikin da waɗannan na'urori suke yi ana iya yinsa da ƙaramar kwamfuta, muddin an sa mata manhajar da ta dace. Manhaja ita ce jerin umarnin da aka rubuta wa kwamfuta domin ta bi. Buɗaɗɗiyar manhaja kuwa ita ce wadda masu ita suka yarda kowa ya ɗauka kyauta, ya duba yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya ba wani. Misalinta kamar ingantaccen iri ne da manomi ya raba wa maƙwabta, ya ce kowa ya shuka, ya ajiye na baɗi, ya kuma ba wanda ba shi da shi.

A wajajen 2008 waɗansu injiniyoyi biyu a Amurka, David Burgess da Harvind Samra, suka fitar da manhaja mai suna OpenBTS, wadda take mayar da kwamfuta da akwatin rediyo su zama tashar waya. A daidai wannan lokaci wani Bajamushe, Harald Welte, ya fara aikin da ya haifar da Osmocom. Waɗannan biyu na wayar zamani na biyu ne, mai ɗaukar murya da gajeren saƙo. Daga baya aka sami srsRAN da Open5GS da Magma, waɗanda suke aiki da zamani na huɗu, mai ɗaukar intanet da sauri.

Ga yadda tashar ƙauye take aiki. Akan kafa dogon ƙarfe ko a yi amfani da wani gini mai tsawo, a ɗaura eriya da akwatin rediyo a samansa. A ƙasa akan ajiye kwamfuta, da batura, da faifan da yake tara wutar hasken rana. Ƙaramar wayar da take aljihun kowa tana iya magana da wannan tasha ba tare da an sāke mata kome ba. In mutum ya kira maƙwabcinsa a cikin ƙauyen, kiran yana tsayawa a tashar, ba ya zuwa birni balle ya ci kuɗin wani kamfani. In kuwa ya kira wani gari, sai kiran ya bi ta intanet, ko ta rediyo daga tudu zuwa tudu, ko ta wayar gilashi da ake binnewa a ƙasa, ko ta tauraron ɗan'adam. Akwatin rediyo guda na zamani na biyu yana ɗaukar kira kamar bakwai a lokaci ɗaya, kuma yana kaiwa kilomita kaɗan, gwargwadon tsawon ƙarfen da yanayin ƙasa. Wannan ya ishi ƙaramin ƙauye.

Lalle a lura cewa kyautar tana ga manhaja ne kawai. Akwatin rediyo da batura da intanet duk da kuɗi ake samunsu, kuma tilas a sami wanda ya iya gyara in abu ya lalace.

ABIN DA YA FARU A MEKZIKO

Misalin da ya fi shahara a duniya ya fito ne daga ƙasar Mekziko, can kudu da Amurka. A cikin duwatsun jihar Oaxaca akwai wani gari mai suna Talea de Castro, mai mutane kimanin 2,500. Mutanen garin sun roƙi manyan kamfanoni su kawo musu sabis, aka ce yawansu bai kai ba. A 2013 taron gari ya yanke shawarar sayen na'ura da kuɗin jama'a, da taimakon wata ƙungiya mai suna Rhizomatica. Wanda ya kafa ƙungiyar, Peter Bloom, ya taɓa aiki da jama'ar yankin Neja Delta a nan Nijeriya kafin ya tafi can.

Abin lura shi ne yadda hukumomin Mekziko suka ɗauki al'amarin. Da fari sun ba da izinin gwaji. Sa'an nan suka keɓe wani ɗan yanki na zangon iska domin ƙananan garuruwa da ƙabilun asali. A 2016 suka ba ƙungiyar da garuruwan suka kafa cikakken lasin yin aiki a jihohi biyar. A shekarun da suka biyo baya kowane mai layi yana biyan kimanin peso 40 a wata, kaso mafi yawa ya zauna a asusun garinsa, sauran ya tafi wajen ƙungiya domin biyan masu gyara da masu kula da sha'anin doka.

Wasu ƙasashe sun bi sawu ta hanyarsu. Ajantina ta fitar da lasin na musamman a 2018 domin garuruwan da mutanensu ba su wuce 5,000 ba. Kenya ta fitar da nata a 2021, mai ɗan kuɗi kaɗan. A Afirka ta Kudu, mutanen Mankosi sun kafa ƙungiyar gama kai mai suna Zenzeleni, hukumar ƙasar ta ɗauke musu nauyin sayen lasin, suna ba jama'arsu intanet da rahusa. A duk waɗannan wurare jama'a da hukuma sun zauna tare kafin aikin ya tsaya da ƙafarsa.

ABIN DA DOKA TA CE A NIJERIYA

Duk mai sauraron rediyo ya san kowace tasha tana da zangonta, kuma in tashoshi biyu suka hau zango ɗaya ba a jin ko ɗaya sai hayaniya. Wayar hannu ita ma rediyo ce. Zangon iska dukiyar ƙasa ce, Gwamnatin Tarayya ce take riƙe da shi amana domin jama'a duka, kuma NCC ce take raba wa masu aikin sadarwa. Zangunan da ƙaramar waya take ji a ƙasar nan, watau 900 da 1800, an riga an ba kamfanoni lasinsu.

Sashe na 31 na Dokar Sadarwa ta 2003 ya hana kowa tafiyar da hanyar sadarwa ko sayar wa jama'a sabis ba tare da lasin ko izinin Hukuma ba. Wanda ya saɓa yana iya fuskantar tara ko ɗauri ko duka biyu, a kuma ƙwace kayansa. Har wa yau, kowace irin na'urar sadarwa sai Hukuma ta gwada ta, ta amince da ita, kafin a yi aiki da ita. Hukumar ta kuma ja kunnen jama'a game da akwatunan ƙara ƙarfin sabis da ake sayarwa a kasuwa ba bisa ƙa'ida ba, domin sukan gyara wa gida ɗaya su ɓata wa unguwa.

Akwai dalilai masu ƙarfi a bayan waɗannan ƙa'idodi. Tashar da aka kunna ba izini tana iya toshe kiran maƙwabta, har da kiran gaggawa na lamba 112. Na biyu, tun watan Disamba na 2020 doka ta ce kowane layi sai an haɗa shi da lambar shaidar ɗan ƙasa, domin a san mai shi, kuma tashar ɓoye tana iya zama mafakar masu garkuwa da mutane. Na uku, mai layi yana da haƙƙin a tsare sirrin maganarsa, kuma sai da mai lasin ne Hukuma take iya bin kadin wanda aka zalunta. Saboda haka ko da matasan gari sun iya haɗa na'urar, kada a kunna ta sai da takardar izini a hannu. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Dokar 2003 ta kasa lasin gida biyu, na ɗaiɗaikun kamfanoni da na rukuni, ba ta kuwa ambaci lasin na musamman domin hanyar sadarwar da jama'ar ƙauye suka mallaka ba. Amma ƙofofi suna ta buɗewa. A 2023 Hukumar ta fara ba ƙananan kamfanoni lasin sayar da sabis ta hanyar hayar kayan manyan kamfanoni. A watan Janairu na wannan shekara kamfanin Starlink ya fara kawo intanet ta tauraron ɗan'adam, Nijeriya ce ƙasa ta farko a Afirka da ta samu. A 2024 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan umarnin da ya sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa, waɗanda lalata su babban laifi ne. A 2025 kuma Hukumar ta zauna da ƙungiyoyin jama'a a Abuja domin duba tsarin da zai dace da hanyoyin sadarwa na al'umma.

MISALAI NA GIDA

Ba sai an tafi ƙetare ba kafin a ga jama'a sun taimaki kansu. A Kafanchan, cikin Jihar Kaduna, Gidauniyar Fantsuam ta kafa hanyar intanet marar waya mai suna Zittnet a wajajen 2007, wadda ta haɗa makarantu da asibitoci da ofisoshi na yankin. Ta yi amfani da wayifai, wanda zangonsa ba a yi gwanjonsa ga kamfani ɗaya ba, ko da yake shi ma yana da ƙa'idodinsa. Matsalolin da suka fi damunta su ne rashin wutar lantarki, da tsawa da take ƙona na'urori da damina, da tsadar intanet. Duk mai niyyar irin wannan aiki ya kamata ya yi tanadin waɗannan uku tun da wuri.

Cibiyar CITAD ta Kano kuwa, ƙarƙashin jagorancin Malam Y. Z. Ya'u, ta fara makarantar koyar da matasa kafa hanyoyin sadarwa na al'umma a 2021, tana kuma kira ga Gwamnati ta fitar da manufa ta ƙasa a kan wannan fanni. Jihar Nasarawa ma tana da inda za a nemi gwanaye, domin ga Jami'ar Tarayya ta Lafiya, ga kwalejin fasaha ta Isa Mustapha Agwai, ga kuma ɗimbin samari masu gyaran waya da haɗa wutar hasken rana a kasuwanni.

ABIN DA JAMA'A ZA SU YI

Ana shawartar kowane ƙauye da ba shi da sabis ya bi waɗannan matakai bi da bi.

1. A kira taron gari ƙarƙashin dagaci ko mai unguwa, a tabbatar mata da matasa da makiyayan da suke zaune a yankin sun halarta, domin kowa zai biya kuma kowa zai amfana.

2. A ƙidaya gidaje, da masu waya, da makarantu, da ɗakin shan magani, da ranar kasuwa. A rubuta nisan wuri mafi kusa da ake samun sabis. Kamfani da Hukuma da lissafi suke aiki, kuma takarda mai alƙaluma ta fi koke na baki tasiri.

3. A kafa ƙungiyar gama kai, a yi mata rajista, a buɗe asusu a banki, a zaɓi ma'aji da magatakarda waɗanda aka yarda da amanarsu. Hukuma ba ta ƙulla yarjejeniya da taron da ba shi da suna a takarda.

4. A rubuta wa NCC da Asusun USPF a Abuja, a ba ƙaramar hukuma da ɗan majalisar yankin kwafi. A nemi a sa ƙauyen cikin jerin wuraren da za a tallafa, a kuma tambayi irin izinin da ake bukata in ƙungiya tana son kafa nata.

5. A tuntuɓi kamfanoni masu lasin. In gari ya ba da fili kyauta, ya ɗauki nauyin gadi da share hanya ta aikin gayya, lissafin kamfani yakan sāke. Akwai ƙananan tashoshi masu aiki da hasken rana da aka ƙera domin ƙauyuka, waɗanda ba su bukatar man inji.

6. In an ga za a daɗe ana jira, ana iya fara da cibiyar intanet guda a makaranta ko a kasuwa, bayan an sami bayanin Hukuma game da sharuɗɗan sayar wa jama'a.

7. A tura aƙalla matasa biyu, namiji da mace, su koyi aikin, a kuma riƙa ware kuɗin sāke batura kowane wata. Rijiyoyin burtsatse da yawa sun mutu a ƙauyuka saboda rashin ɗan kuɗin gyara, kada haka ta sami tashar waya.

8. Inda akwai sabis amma kamfani yana cutar masu layi, a fara kai kuka wurin kamfanin, in bai share hawaye ba a kira lambar Hukuma ta 622, kyauta ce.

Daga ƙarshe, ana roƙon sarakuna da malamai da limamai da shugabannin coci su isar da wannan bayani ga waɗanda ba su sami halarta ba, musamman mazauna ƙauyukan da suke nesa da babbar hanya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Injiniyoyin duniya sun sauƙaƙa na'ura, Gwamnati tana riƙe da zangon iska da asusun tallafi, jama'a kuwa su ne masu fili da ƙarfin aiki da sanin bukatunsu. Ƙauyen da ya shirya takardunsa ya kafa ƙungiyarsa shi ne za a fara saurara sa'ad da aka zo rabon tallafi ko izini. Wanda kuma ya ga ana satar batura ko ana tone wayar gilashi, ya gaggauta sanar da 'yan sanda ko mai unguwa, gama hasarar ta gari duka ce.

Allah ya ba da zaman lafiya da damina mai albarka, ya taimaki Jihar Nasarawa da Tarayyar Nijeriya baki ɗaya.